Apophis, Dutsen da Zai Gifta Ta Kusa da Mu a 2029

Shirinmu na musamman na yau zai duba sama ne, domin akwai wani baƙo da masana taurari suka riga suka san ranar zuwansa har da lokacin: Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na dare agogon Najeriya da Nijar.

Baƙon nan curin dutse ne da ke yawo a sararin samaniya, ana kiransa Apophis. Faɗinsa kimanin mita 340 ne, kuma hotunan na'urar radar sun nuna shi da ɗan tsawo, kamar kwanson gyada mai 'ya'ya biyu. Yana kewaya rana cikin kwana 324. Mafi yawan tafiyarsa tsakaninmu da rana yake yi, yakan kusanci hanyar tauraruwa Zara, sannan ya fito ya ƙetare tamu hanyar. To, a wannan mararraba maganar take.

A watan Yunin 2004 masana uku, Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi, suka hango shi daga cibiyar duba taurari ta Kitt Peak a jihar Arizona ta Amurka. Kafin ƙarshen Disamba hankalin masana ya tashi, domin lissafi ya nuna yiwuwar ya faɗo mana a 2029 ta kai kashi 2.7 cikin ɗari. Sai aka tono wasu tsofaffin hotunan sama, aka same shi a ciki, aka gyara lissafin, barazanar ta kau. Fargaba ta koma kan 2036, daga baya 2068. Sai a watan Maris na 2021, bayan an auna shi da radar daga Goldstone a Kalifoniya, hukumar NASA ta ce babu haɗari nan da shekara ɗari aƙalla.

Me ya sa aka daɗe haka? Har zafin rana ma yana da hannu. Rana takan gasa gefe ɗaya na dutsen, idan ya juya sai ya fitar da zafin, wannan kuwa yana ɗan tura shi, ya karkata hanyarsa da kusan mita 200 a shekara. Abu ne ƙanƙani, amma ga mai lissafin shekara hamsin nan gaba ba abin rainawa ba ne.

A daren da muke magana zai wuce da tazarar kilomita 32,000 daga doron ƙasa, wato ƙasa da taurarin ɗan'adam da ke kawo mana talabijin, waɗanda ke kilomita 36,000. Afirka na cikin inda za a gan shi da ido ƙuru-ƙuru, ba sai da na'ura ba. An kuma yi dace, ƙarshen Zulƙida ne, babu farin wata, ga zafin bazara da ke fitar da mutane kwana a tsakar gida. In hazo ko hadari bai hana ba, za ku ga ɗigon haske marar wutsiya yana ratsa taurari a hankali, yana cin faɗin wata guda cikin minti ɗaya. Na san kafin lokacin saƙonnin WhatsApp za su cika wayoyi da cewa duniya ta zo ƙarshe. Ku dai riƙe adadin nan na kilomita 32,000.

A gaskiya ma dutsen ne zai ji jiki. Ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa hanyarsa, kewayensa ya tashi daga ƙasa da shekara zuwa shekara da wata biyu, kuma masana na sa ran ya sauya yadda yake juyawa, wataƙila har tsakuwar jikinsa ta zame. Don ganin haka NASA ta tura masa kumbon da ya kawo samfurin wani dutsen sama mai suna Bennu a 2023, aka sake masa suna OSIRIS-APEX. An tsara zai riski Apophis jim kaɗan bayan giftawarsa, ya bi shi wata da watanni, daga ƙarshe ya sauko dab da shi ya hura masa injinsa, ƙura ta tashi a ga abin da ke ƙarƙashinta.