Gargaɗi ga Masu Janareta: In Ya Mutu da Kansa, Kada Ku Tilasta Masa

Masu gida, masu shago, da duk wanda ke kunna janareta in an ɗauke wuta, don Allah ku karanta wannan kafin dare ya yi. Maganar injin da ke tashi ya yi minti biyar ko goma ya mutu ce, a ja igiya ya sake tashi ya sake mutuwa. Gyaransa bai cika wuya ba. Dabarun da muke yi don mu tilasta masa aiki su ne ke jawo asarar rai.

Mafi munin dabarun ita ce jawo shi kusa. Mutum ya gaji da fita tsakar gida cikin duhu yana jan igiya, sai ya shigo da injin soro, ko kicin, ko ƙarƙashin matakala, don ya zama taku biyu ne tsakaninsa da shi. Wani tsoron ɓarayi ke sa shi, wani ruwan sama. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. Warin da kuke ji na fetur ne da bai gama ƙonewa ba, kuma rashin jin wari ba ya nufin ɗaki lafiya yake. Gubar nan tana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke mannewa sama da sau 200, sai jini ya yi ta zagaya jiki babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Haka ake wayar gari a ɓalle ƙofa a tarar da iyali guda kwance.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. Injin da ke da matsala ya fi lafiyayye fitar da wannan guba. In matatar iska ta toshe, ko aka bar cok a ja don kada ya mutu, fetur yana rinjayar iska a cikin injin, ƙonewa ba ta cika, gubar ta ƙaru. Wato injin da ya fi haɗari shi ne muke jawowa kusa da shimfiɗarmu. In kuwa a rufaffen wuri yake mutuwa, mai yiwuwa zafi ne ya yi masa yawa ko hayaƙin kansa yake shaƙa. Iskar da ta kasa riƙe inji, ita 'ya'yanku ke shaƙa.

Hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, kusan mita 6. Na san a gidajen haya da lungunan cikin birni wannan tazara tana wuyar samu. To a sayi doguwar waya mai kauri, a kai shi iyakar inda fili ya ba da dama, a juya bakin salansa ya kalli inda babu taga, har da tagar maƙwabci. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya mai da ɗaki wurin ajiye janareta. Rumfa mai rufin sama da gefuna a buɗe ta isa maganin ruwa.

Dabara ta biyu ita ce tsinke wayar sensa. Galibin injinan da ake zuba wa baƙin mai daban da fetur suna da wata na'ura da ke kashe su in man ya yi ƙasa. Da gangan aka yi ta. Wani bakanike zai cire wayar, inji ya tashi ya zauna, a biya shi ana godiya, bayan 'yan kwanaki inji ya buga. Kafin a kira kowa, a ajiye injin a ƙasa mai daidai, domin karkata kaɗai tana iya sa sensa ta ga kamar babu mai, sannan a duba man a cika shi zuwa alama. In sensar ce ta lalace, a sa sabuwa. Wasu sababbin injina ma suna da sensa ta biyu mai kashe su in gubar hayaƙi ta taru a kusa, kuma wanda ya kashe wannan ya cire mai gadin ransa da hannunsa. A Amurka, inda ake da motocin tafiya masu ɗakin kwana da janareta a jikinsu, bututun da ke kai wa janareta mai ba ya kaiwa ƙasan tankin motar. In mai ya sauka zuwa kusan kwata sai janareta ya mutu, don kada matafiyi ya rasa na komawa gida. Injiniyoyi sukan sa inji ya mutu saboda dalili, kuma dalilin ake nema.

Sauran dalilan sanannu ne. In sai da cok yake zama, ƙaramar hudar da fetur ke bi a cikin kafireta ta toshe, galibi saboda man da ya daɗe a tanki ko mai datti da ruwa irin na galan a bakin titi. Wankewa take so. In yana mutuwa bayan 'yan mintoci, a ɗan sassauta murfin tanki a gani: hudar numfashinsa kan toshe, mai ya daina sauka. Da hunturu ƙura na cika matatar iska cikin ɗan lokaci. Fulogi kan yi baƙi da toka. In kuma sai an kunna firiji ko injin jan ruwa yake mutuwa, kaya ne suka yi masa nauyi, domin waɗannan suna jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Ɗan ƙaramin nan da ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur ba a yi shi don ɗaukar su ba.

Duk wannan bincike a yi shi da inji a kashe, ya huce, a fili, babu sigari, babu kyandir ko fitilar kananzir. Kada a zuba fetur inji na aiki ko yana da zafi, ko da ana tsakiyar kallon ƙwallo ne. Kada a tsotsi tiyo da baki, kada a tsiyaya fetur a bakin kafireta don ya tashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun mai da injinansu na gas. In irin wannan yana mutuwa, a rufe tukunyar gas tukuna, a shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗai a ga ko zai yi kumfa. Ba a neman yoyon gas da ashana. Kuma gas bai raba inji da gubar hayaƙi ba.

In janareta na aiki sai mutanen gida suka fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala a lokaci guda, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a sha magani a kwanta. Zazzaɓi ba ya kama gida duka cikin awa ɗaya. A fitar da kowa waje nan take, a fara da yara da masu ciki da tsofaffi, a kashe inji, a buɗe ƙofofi. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki na iya shaƙe shi. Oksijin yake buƙata. A kira 112 ko a nemi abin hawa a kai asibiti, har da wanda ya ce ya ji sauƙi da ya sha iska, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa janareta na kunne a gidan.