Nas ɗin Intanet: Allura Ta Iya, Tunanin Fa?

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya koma cikin waya, wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha: wai yanzu ana yaye nas-nas ta intanet waɗanda ba su taɓa riƙe sirinji ba. Har akwai masu rantsuwa ba za su miƙa wa irinsu hannu ba.

Wannan tsoro ya ɓata hanya. Digirin jinya daga nesa da Jami'ar NOUN da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke bayarwa na waɗanda suka riga suka yi rajista da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ne. Wato mace ce da ta gama makarantar jinya irin ta asibitin St. Gerard da ke Kakuri, ta yi dutin dare, ta ɗaura ƙarin ruwa ba adadi. Hannunta ya faɗa tuntuni.

Inda gizo ke saƙar shi ne tunani. A ce mai jego ce, awa ɗaya da haihuwa. Awon jininta lafiya lau, amma bugun zuciyarta na ta hawa, tafin hannunta ya yi sanyi, tana ta neman ruwa. Nas mai tunani ta san jiki kan ɓoye zubar jini da farko: zuciya na ƙara gudu, jijiyoyi na tsukewa, awon jini ba ya faɗuwa sai abu ya yi nisa. Nan take za ta taɓa mahaifa, ta duba ƙunzugu, ta kira likita. Wadda ta haddace amsoshin jarrabawar bara kuwa, lambar awon jinin kawai za ta rubuta ta wuce gado na gaba. Mai tuƙa tuwo ai nauyin muciya ke gaya mata gari ya isa, ba littafi ba.

Karatun intanet na iya kaifafa irin wannan tunani, domin babu malamin da ke tsaye a kan ɗaliba. Ita za ta tsara lokacinta, ta gano inda ba ta gane ba, ta bincika. Yana kuma iya dakushe shi, idan darasin bai wuce tarin takardu a WhatsApp ba, aikin gida kuma a kwafo daga ChatGPT.

Mahukunta sun fi son faɗin yawan ɗaliban da aka ɗauka. Ba kasafai suke tambayar yadda wadda ta tashi daga dutin dare za ta bi darasi ba wuta ba, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Gyaran kuma ba shi da tsada: malami ya riƙa ba ɗalibai labarin mara lafiya, ya ce su faɗi abin da za su fara yi da dalilinsu, ya ba da maki a kan dalilin.