Tsofaffin Taswirorin Filayen Kiwo

A Laburaren Jama'a na birnin New York akwai sashen taswira, wanda aka kafa a shekarar 1898. Cikin ajiyarsa har da taswirorin da hukumar safiyon ƙasa ta Amurka ta fara zanawa a 1884. A taswirorin busassun filayen kiwo na yammacin ƙasar, ana nuna tudu da kwari da launin ruwan ƙasa, ruwa da shuɗi, gine-gine kuwa da baƙi. Rafin da yake ƙafewa da rani, da layi mai tsinkewa ake zana shi. Wannan alama tana da muhimmanci ga makiyayi, domin inda ruwa yake, nan garke yake yada zango. A ƙasar Hausa ma, idan gona ta cinye burtali, tsohuwar taswira tana iya zama shaida.