Ɗakin da Ake Gasa Ƙarfe da Tangaran

A bayan ginin sashen injiniyan ƙarafa na wata jami'a a Arewa akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Ɗalibai ba sa kiransa da sunan da aka rubuta a ƙofarsa, sai dai su ce za su je wajen Baba. Baban shi ne dattijon ma'aikacin da ke riƙe da makullin tanderun lantarki, kuma duk mai son digirinsa ya fito a kan lokaci ya san dole ya durƙusa ya gaishe shi da safe kafin ya tambayi ko yau za a kunna.

Yawancin masu shigowa da alminiyum suke aiki. Su narka shi, su zuba tokar ɓuntun shinkafa ko ta ɓawon gyaɗa, su dama, su juye a mazubi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: alminiyum na narkewa a digiri 660, ko masu zubin tukwane na kasuwa suna iya masa da gawayi da zuga-zugi. Baƙin ƙarfe kuwa sai an kai wajen digiri 1,500. Saboda haka 'yan tsirarun da suka zaɓi cusa ƙwayoyin tangaran a cikin baƙin ƙarfe, abokansu kallon masu neman wa kansu wahala suke yi musu.

Amma wahalar tana da hujja, kuma hujjar na cikin yashi. Akwai awon tauri da ake kira Vickers, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1921: a danna tsinin lu'ulu'u a jikin abu, a auna girman ramin da ya bari. A wannan ma'auni, ƙarfen da aka ba wa ruwa ya yi tauri sosai yakan tsaya wajen 700 zuwa 800. Ƙwayar yashi takan haura 1,000. Wato yashi ya fi ƙarfen maƙeri tauri, shi ya sa bakin garma ke cinyewa a damina biyu, farantan injin markaɗe ke lashewa suna zuba garin ƙarfe a cikin ƙullu. Tangaran ɗin da ake kira taitaniyom kabaid kuwa taurinsa na kusan 3,000. Shi kaɗai ba ya aiki, don bugu ɗaya zai tarwatse. In an warwatsa ƙwayoyinsa a cikin ƙarfe, su ne ke tare yashin, ƙarfen kuma ya riƙe su ya shanye duka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1950 aka fara yin irin wannan haɗi a Amurka da sunan Ferro-TiC. A Jamus ana sayar da Ferro-Titanit, wanda kusan kashi 45 cikin 100 na jikinsa wannan tangaran ne, kuma abin sha'awarsa ana iya sassaƙa shi a inji tun yana da laushi, daga baya a ba shi tauri. Kamfanin Magotteaux na Beljiyam yana saka tangaran a cikin gudumomin da masana'antun siminti ke fasa dutse da su. Wanda ya taɓa ganin yadda dutse ke cin ƙarfe a masana'anta irin ta Ashaka ko Obajana ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ɗalibin da ya zo da zafinsa yakan ce a narka ƙarfen kawai a zuba garin a dama. Baba ba ya musu, yakan tura shi ya duba nauyin kayan. Santimita ɗaya ta kowane ɓangare na ƙarfe giram 7.8 ce, ta taitaniyom kabaid kuwa 4.9. Garin zai taso sama ne kamar ƙaiƙayi in ana wankin gero. Alumina, wani nau'in tangaran, ta fi arha, amma narkakken ƙarfe ba ya jiƙa ta, sai ƙwayoyin su dunƙule su bar ramuka a gefensu. Silikon kabaid, wanda ke jikin sanfefa kuma ya fi sauƙin samu, ƙarfe mai zafi narkar da shi yake yi, a ƙare da abu mai gautsi da ba kowa ya nema ba.

Don haka hanyar gari ake bi. A auna garin ƙarfe da na tangaran, kashi 5, kashi 10, kashi 15, a sa a gwangwani da ƙwallayen ƙarfe ya yi ta juyawa sa'o'i. A zuba a mazubi a matse da nauyin tan biyar zuwa shida a kan kowace santimita murabba'i. Abin da ke fitowa ɗan curi ne mai faɗin kwabo, yana sheƙi, amma ko da yatsa ana iya karya shi. Gashi ne ke mayar da shi ƙarfe: digiri 1,250 zuwa 1,350, ƙasa da inda zai narke, a cikin iskar agon don kada ya yi tsatsa tun a wuta.

A nan rayuwar ɗakin take. In ana hawa da digiri biyar a minti, kaiwa sama kawai ya fi sa'a huɗu, ga zaman riƙewa, ga hucewa. Aka ɗauke wuta a tsakiya, aikin wata guda ya tafi, da garin da aka yi odarsa daga waje da dala. Shi ya sa ɗalibai ke karo-karo su sayi man janareto, su haɗa samfuransu a gashi ɗaya, su shimfiɗa tabarma a baranda su kwana suna karɓa-karɓar duba allon zafi. Mai shayin bakin ƙofa ya san daren gashi, ba ya tashi da wuri. 'Yan matan ajin, da dokar ɗakin kwana ke tilasta musu komawa, su ke karɓar aikin asuba, kuma a ganina su suka fi rubuta lambobi tsaf.

Bayan gashi sai guga. A bi sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har fuskar ta zama madubi, yatsu su yi kanta. A auna nauyi a iska, a auna a ruwa, a gane yawan ramukan da suka rage a ciki. Sannan a kai ga injin Charpy, guduma mai lilo da ke saukowa ta karya samfuri, tana nuna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. A nan fuskoki ke sauyawa. Tauri ya hau, lashewa ta ragu, amma samfurin da ya fi yawan tangaran shi ya fi saurin ɓallewa, bakin karayar fes babu ko lanƙwasa. Wasu kan so su ɓoye wannan shafi na sakamakonsu. Malamin da ya san aikinsa ba ya yarda, don haƙorin katafila da ya yi tauri amma ya tsage a dutsen farko ba shi da amfani ga kowa, kuma sakamakon da ya nuna inda haɗin ya fara gautsi ya fi wanda ke yabon kansa daraja.

Ɗaukar hoton ƙwayoyin da babban madubin lantarki kuwa, sau da yawa sai an aika samfur wata jami'ar, wani lokaci har Afirka ta Kudu, a jira makonni.

A 'yan shekarun nan hankalin wasu ya koma kan abin da mai walda na gari zai iya. Akwai sandar walda ta musamman da ke shimfiɗa ɓawo mai cike da kuromiyom kabaid a saman ƙarfe, tanderu ba ya shiga lissafi. Wani ɗalibi ya karɓo bakin garma shida daga maƙeran garinsu, ya yi wa uku wannan shafe, ya bar uku yadda suke. Ya auna nauyin kowanne a gaban Baba, ya raba wa manoma masu shanun huɗa a ƙasa mai jigawa, da alkawarin za su dawo masa da su bayan kaka a sake ɗora su a kan sikeli.