Wa ke cin benzin a ƙarƙashin ƙasa?

Duk fetur ɗin da ya tsiyaye a garejin kanikawa ko gaban masu sayar da shi a kwalba, daga kasuwar Mokolo zuwa Briqueterie, jar ƙasar Yawunde ce ke shanye shi. A cikinsa akwai benzin, sinadarin da ke haddasa sankarar jini. Idan ya gangara har ruwan da rijiyoyi ke sha, me ke zama makomarsa?

An daɗe ana cewa sai dai ya zauna. Ƙwayar benzin zobe ce mai taurin kai, bakteriyar da aka sani kuma da iskar oksijin take fasa ta. Can ƙasa kuwa, inda mai ya kwanta, iskar nan ba ta daɗewa.

Sai a 1986 Vogel da Grbić-Galić na jami'ar Stanford suka rufe benzin da bakteriya a kwalabe, babu iska, ga shi kuwa yana rikiɗa. Suka ba su ruwa mai oksijin da aka yi wa alama, alamar ta ɓullo a cikin fenol, sinadarin da benzin ɗin ya rikiɗa ya zama. Wato daga ruwa aka samo gudumar fasa zoben. Daga baya wasu suka yi zargin wani fenol ɗin yana samuwa ne idan iska ta taɓa samfur, gardama ta dawo sabuwa.

To, da me bakteriyar nan suke numfashi idan babu iska? A 1994 Derek Lovley ya nuna cewa da ƙarfe ne, irin tsatsar da ke sa ƙasa ja. A Bemidji ta Amurka, inda bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979, an tarar benzin na raguwa daidai inda bakteriyar Geobacter ta yi yawa. Wasu da salfet suke numfashi, wasu da naitret. A 2010 tawagar Rainer Meckenstock a Jamus ta gano alamar wata dabarar: a manna wa zoben iskar kabon, ya koma benzowet, wanda fasa shi ya zama sauƙi.

Ƙarfe dai ba abin nema ba ne a ƙasar Yawunde, amma kada mai rijiya ya saki jiki. Cin nan na watanni ne zuwa shekaru, ruwa kuma ba ya jira. Iyakar benzin a ruwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikrogiram 10 a lita. A 2011 an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale ta ƙasar Ogoni da suka ninka hakan fiye da sau 900, mutane kuwa na sha.