Kwamfutar da ke Aiki Kana Barci: Wa ke Sa Mata Ido?

Duk wanda ya taɓa zuwa lambu a fadama ya san ba a kunna injin ban ruwa a tafi gida a kwanta. Mai zai iya ƙarewa, tiyo ya zare, ko ruwa ya yi yawa ya kashe shuka. Dole a bar wani yana leƙawa. To, ɗalibai, haka abin yake a duniyar kwamfuta.

A yau ba sai ka mallaki babbar kwamfuta ba kafin ka yi babban aiki. Akwai cibiyoyin adana bayanai a Legas, da Afirka ta Kudu, da Turai, inda ake raba ƙarfin na'ura ɗaya gida-gida, kowane kaso yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Wannan kwamfutar cikin kwamfuta ita ake kira VM. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa.

A ce ɗaliba a Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka, ta koyi yaren kwamfuta na Python. Sai ta rubuta jerin umarni da zai ɗauko hasashen yanayi kullum da asuba, ya tura wa manoman garinsu ta waya. Ta ɗora shi a kan VM da ta kama haya, ta saita masa lokaci da wata manhajar Linux mai suna cron. Shi ke nan, aiki na tafiya tana barci. Amma idan ya tsaya fa, wa zai gaya mata?

Hanyoyi uku masana ke bi. Ta farko ita ce rajista: shirin ya riƙa rubuta duk abin da ya yi da lokacin da ya yi shi. Ta biyu ita ce leƙawa daga nesa ta wata ƙofa mai tsaro da ake kira SSH, wadda wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995. Ko da wayar Android ana iya shiga a karanta rajistar. Ta uku ita ce bugun zuciya: duk sa'ad da shirin ya kammala aiki, sai ya aika wa wata na'ura ta daban saƙon cewa yana raye. Idan lokaci ya wuce saƙon bai zo ba, ita ce za ta yi ƙararrawa. Hikimar a nan ita ce, na'urar da ta mutu ba ta iya sanar da mutuwarta. Shiru ba ya nufin lafiya.

Ƙararrawar ma sai da mai sauraro. A ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya fara aiki da sabuwar manhajarsa, amma wajen ɗora ta an tsallake ɗaya daga cikin na'urori 8. Tun kafin kasuwa ta buɗe, saƙonnin kuskure 97 suka shiga imel ɗin ma'aikata, ba wanda ya ɗauki mataki. Cikin minti 45 na'urar ta yi ta saye da sayarwa ba bisa ƙa'ida ba, kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400.

Mu a Zamfara muna da namu darasin. A watan Satumbar 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layuka a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An yi makonni ba kira ba intanet, har wasu sai sun tsallaka wata jiha kafin su buga waya. A irin wannan hali, VM ɗin ɗalibarmu zai ci gaba da aiki tunda ba a Zamfara yake ba, kuɗin haya kuma na ta hauhawa, ita ko ba ta ganin komai.

Saboda haka mai dabara yakan yi tanadi tun kafin ranar. Yakan sa ƙararrawa ta je wa mutum na biyu a wani gari. Yakan koya wa shirin ya dakata da kansa idan kuskure ya maimaitu. Yakan kuma sa a gargaɗe shi idan kuɗi ya kusa wuce abin da ya ware.

Kana iya fara gwaji ba tare da ka biya ko sisi ba. Idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, nemi izinin malami ku saka VirtualBox, kyauta ce. Ku ɗora Linux a ciki, ku rubuta ɗan shirin da zai rubuta lokaci a rajista duk bayan minti 5. Sai ɗayanku ya kashe shi a ɓoye, a ga wa zai fara ganowa, kuma bayan minti nawa.