Ina mai fiyanon ya shiga?

Ranar da 'yata ta kunna mini kiɗan Mozart a shago, minti biyu ina jiran fiyano, shiru. Na ce, "Ke, anya ba a cuce ki ba?" Ashe haka tsarin konshato yake: taron makaɗa ke fara shimfiɗa karin, sannan fiyano ya shigo, su yi ta ja-in-ja kamar masu ciniki. Kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, sai mai sauri kuma.

Wannan mai lamba 21, ran 9 ga Maris 1785 ya gama shi a Biyenna, washegari ya kaɗa wa masu tikiti, don nan abincinsa yake. Dab da ƙarshen kashin farko sai kowa ya tsaya, a bar shi ya nuna gwaninta shi kaɗai. Abin da ya kaɗa a gurbin nan bai iso mana a rubuce ba, shi ya sa yau kowane makaɗi da irin cikon da yake yi.